ƘAFAR MADURA: KUMBURIN DA BA SHI DA ZAFI, AMMA YANA CINYE ƘAFA

 A wannan fitowa za mu ajiye zancen taki da iri, mu yi maganar ƙafar manomi. Gama ko mutum yana da garma da shanun huɗa da iri mai kyau, in ƙafa ta ƙi, gonarsa ta zama saura.

Akwai wata cuta ta ƙafa wadda ba ta da yawa. Ma'aikatan ɗakin magani da dama ba su taɓa ganinta ba. Amma wanda ta kan kama, kusan kullum manomi ne, ko makiyayi, ko mai saran itace. Yawancinsu kuwa samari ne da magidanta masu ƙarfi, waɗanda gida ya dogara a kansu. Tana da magani. Abin da ke sa a yanke ƙafa shi ne jinkiri, da barin magani a tsakiyar hanya. Waɗannan biyu kuwa, ƙungiyar gama kai tana iya maganinsu.

Wace cuta ce wannan?

Likitoci suna kiranta maisetoma, ko kuwa ƙafar Madura. Madurai gari ne a kudancin Indiya. A can ne wani likita mai suna John Gill ya rubuta bayaninta a shekarar 1842. A 1860 wani likita kuma, Vandyke Carter, ya ba ta sunan maisetoma.

An fi samunta a ƙasashe masu zafi, masu gajeriyar damina da dogon rani, inda itatuwan ƙaya su ke da yawa. Daga Senegal da Muritaniya, ta biyo ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har Sudan da Habasha da Somaliya. Akwai ta a Yaman da Indiya, da Meksiko ma. A Sudan aka fi rubuta yawan masu ita, musamman a yankunan Jazira da Sennar, inda Hausawa da Fulani da yawa su ke zaune suna noma. Saboda haka a 1991 Jami'ar Khartoum ta kafa cibiyar bincike domin wannan cuta kaɗai, ƙarƙashin Farfesa Ahmed Fahal. A watan Mayu na 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi sakaci da su.

Yadda ta ke shiga jiki

Cikin ƙasar gona akwai ƙananan halittu masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Mun sha maganarsu sa'ad da mu ke koyar da haɗa takin gargajiya. Su ne ke ruɓar da ganye da kara da kashin shanu su zama taki. Ƙanshin nan da mu ke ji sa'ad da ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, daga wani iyali nasu ya ke fitowa. Yawancinsu abokan manomi ne. 'Yan kaɗan ne daga cikinsu ke jawo cuta, su ma sai sun sami ƙofar shiga ƙarƙashin fata.

Ƙofar kuwa ita ce rauni. Ƙayar bagaruwa, ko ta aduwa, ko farar ƙaya, ko ta magarya da mu ke yin shinge da ita. Tushiyar dawa bayan girbi. Tsinken itace lokacin sassabe. Faso da ke tsaga diddige da hunturu. Ƙaya ta kan soki mutum, ta kai ƙasa da ƙwayar cuta can ciki. Ya cire ƙayar, raunin ya rufe, ya manta. Ƙwayar kuwa tana nan tana hayayyafa a hankali. A kan yi watanni, wani lokaci shekaru, kafin a ga alama. Shi ya sa in likita ya tambayi mai ciwon ko ya taɓa taka ƙaya, sau da yawa ba ya tunawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kimanin mutum 7 cikin 10 masu wannan cuta, a ƙafa ta ke kama su. Sauran a hannu, ko ƙwauri, ko baya, ko wuya. A Meksiko a kan same ta a bayan masu ɗaukar itace, tun da shi ke a baya su ke goya kaya.

Bari mu faɗi wannan sarai: ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Cin abinci a kwano ɗaya ba ya kawo ta, ko zama a benci ɗaya a majami'a, ko wanke wa mai ita ƙafa. Babu dalilin ƙyamar mai ita.

Alamomi uku

1. Kumburi mai tauri a ƙarƙashin fata. Da fari ƙanƙane ne kamar ƙwayar gujiya, a bisan ƙafa, ko tsakanin yatsu, ko a tafin ƙafa. Ba zafi, ba zazzaɓi. Yana girma kaɗan kaɗan, ba ya komawa.

2. 'Yan ƙofofi. Bayan wani lokaci kumburin ya kan huje a wurare da yawa. Wata ƙofa ta rufe ta bar tabo, wata ta buɗe kusa da ita.

3. Tsaba. Ruwa ko mugunya ko jini-jini yana fita daga ƙofofin, a cikinsa kuma akwai 'yan tsaba-tsaba. Wasu ƙanana kamar yashi, wasu kamar acca, wasu sun kai ƙwayar gero. Tsabar nan ƙwayoyin cutar ne su ka dunƙule wuri ɗaya.

In an ga ukun nan tare, kusan ba shakka ita ce. Amma kada a jira sai sun cika uku. Duk kumburi mai tauri a ƙafa wanda ya yi wata guda bai tafi ba, a kai shi a duba.

In an ƙyale shi, ciwon ya kan bi nama ya sauka har ƙashi. Ya kan yi ramuka a cikin ƙashin kamar yadda gara ke cin azara: daga waje ɗaki yana tsaye, ciki kuwa ya zama gari. Ƙafar ta kumbura, ta canza kama, yatsu su daina taɓa ƙasa, takalmi ya ƙi shiga. A lokacin ne zafi ke zuwa, da wari, domin waɗansu ƙwayoyin cuta sun sami hanya ta ƙofofin nan. Mutum ya rame, aiki ya gagara.

Iri biyu ne, maganinsu kuma dabam

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci mu gane. Halittu iri biyu ne ke jawo ƙafar Madura. Na ɗaya bakteriya ne, wato dangin ƙwayoyin cutar da ke jin magunguna irin su Septrin. Na biyu dangin fumfuna ne, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. A ido ciwon ya yi kama da juna, amma maganin wannan ba ya taɓa wancan.

Launin tsabar ya kan nuna hanya:

Baƙar tsaba: irin na fumfuna ne.

Jar tsaba: bakteriya ne. An san shi ƙwarai a Afirka ta Yamma, musamman Senegal da Nijar, a wuraren da a ke samun ruwan da zai nuna gero da gyaɗa.

Tsaba mai ruwan ƙwai, mai tauri: yawanci bakteriya ne. An fi ganinsa a bakin hamada inda ruwa ya yi ƙaranci.

Farar tsaba: tana iya zama ko wanne. Sai an gwada.

Irin na bakteriya ya fi sauri. Ya fi yawan ƙofofi da mugunya, ya kan kai ga ƙashi da wuri. Amma shi ne ya fi jin magani. Kimanin mutum 9 cikin 10 su kan warke in sun sha maganin daidai har ƙarshe, yawancinsu ba tare da an yi musu aiki da wuƙa ba. Irin na fumfuna ya fi nawa, ya kuma fi taurin kai. Shi sai an sha ƙwaya, yawanci wadda a ke kira itirakonazol, na wata 9 zuwa shekara ko fiye, a kuma yi aiki a cire kumburin. In yana ƙarami, aikin ma ƙarami ne.

Saboda haka kada a zubar da tsabar. In ta fito, a ɗauke ta da tsumma mai tsabta, a lura da launinta, a tafi da ita a nuna wa likita.

Kada a ruɗe da waɗansu cututtuka

Maruru yana da zafi, ya kan nuna ya fashe cikin 'yan kwanaki, ya warke.

Tundurmi ya kan kumbura ƙafa duka har ƙwauri, fata ta yi kauri, amma ba ya fid da tsaba.

Kurkunu tsutsa ce doguwa. A shekarar 2013 aka tabbatar an kawar da ita daga Nijeriya da Nijar.

Gyambon Buruli shi ma bakteriya ne, dangin na kuturta da tarin fuka. An sa masa sunan wani yanki na Yuganda. Shi ma ya kan fara da kumburi marar zafi, amma sai ya fashe ya zama babban gyambo mai rami a ƙarƙashin gefensa. Ya fi kama masu zama kusa da fadama da ruwan da ba ya gudu, kamar a kudancin Nijeriya da Benin da Ghana da Kamaru. Maganinsa ƙwayoyi iri biyu ne na mako 8.

Mai kuturta da mai ciwon sukari su kan rasa ji a tafin ƙafa, su yi gyambo ba su sani ba. Su sai su riƙa duba ƙafarsu kowace rana.

Akwai kuma wanda ba ya jira ko kaɗan. In bayan rauni ƙafa ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, da zafi mai tsanani, da zazzaɓi, fata tana yin baƙi ko tana tashin bororo, wannan ba ƙafar Madura ba ne. Ciwo ne mai ruɓar da nama cikin sa'o'i, yana kisa. A ɗauki mutumin zuwa babban asibiti a ranar, ko da dare ne.

Abin da ke sa a rasa ƙafa

Na fari, rashin zafi. Mu manoma ba mu saba barin gona domin abin da ba ya ciwo ba. Mutum ya ce bari a gama shuka. In an gama, ya ce bari a gama maimai. Daga nan sai kaka, daga kaka sai biyan bashi da kuɗin makaranta. Shekara ta juyo, kumburin ya ninka.

Na biyu, zargi. Ciwon da ya daɗe, ya rufe ya buɗe, yana fid da abu kamar yashi, nan da nan sai a ce jifa ne, ko an ɗauki sawun mutum, ko ya taka magani a kan iyakar gona. Daga nan kuɗi da awaki su ƙare a wurin boka, zumunci kuma ya lalace tsakanin maƙwabta. 'Yan'uwa, abin da ya taka ƙaya ce. Tsabar da ke fita, an sa ta a madubin likita an ga ko mene ne.

Na uku, sakiya da tsaga da ƙaho da ƙuna. Ciwon yana da rassa can cikin nama. Wanzami ya kan fasa na sama kaɗai. Ba ya kai ga saiwar, sai ƙarin rauni da ƙarin ƙazanta.

Na huɗu, kafso na kasuwa. Mutum ya sayi na kwana uku a kemis, mugunya ta ragu, ya ce ya warke. Wannan kamar sare kan ƙiri-ƙiri ne a bar saiwarta a ƙasa. Ga shi kuma in irin na fumfuna ne, kafso ba ya yi masa kome.

Abin da za a tarar a asibiti

A fara da ɗakin magani na kusa, a roƙi takardar zuwa babban asibiti. A gaya wa likita aikin da mutum ke yi, da tun yaushe kumburin ya fara, da launin tsabar. Ba laifi ba ne a tambaya cikin ladabi a ce, "Likita, ko ƙafar Madura ce?" Gama cutar da ba a saba gani ba, a kan manta da ita.

Likita zai ɗauki tsabar, ko ya zuƙo ruwan kumburin da allura, ko ya yanki ɗan nama domin gwaji. Za a ɗauki hoton ƙashi a ga ko ciwon ya kai can. A wasu asibitoci a kan duba kumburin da na'urar nan da a ke duba mata masu ciki.

In na bakteriya ne, a kan haɗa magani biyu ko fiye. Hanya ɗaya da aka sani, wadda wani likitan Meksiko mai suna Oliverio Welsh da abokan aikinsa su ka bayyana a 1987, ita ce ta zagaye na mako 5. Cikin mako 3 na fari a kan yi allurar amikasin kowace rana tare da shan Septrin, sa'an nan mako 2 na Septrin kaɗai. In bai warke ba a sake zagayen. Akwai waɗansu hanyoyi kuma, likita ne zai zaɓa. Ko wace ce, maganin na watanni ne, wani lokaci ya wuce shekara.

Ga abin da mai shan magani zai kiyaye:

Kada ya daina domin ƙofofin sun rufe. Likita ne kaɗai zai ce ya isa.

Allurar amikasin tana iya taɓa kunne da ƙoda. In ya ji ƙara a kunne, ko jiri, ko jinsa ya ragu, ko fitsari ya ragu, ya faɗa nan da nan. Domin haka ne ba a yin wannan allura a gida ko a kasuwa.

In Septrin ya kawo ƙuraje a jiki, ko miki a baki da ido, ya tsaya ya koma asibiti a ranar.

Mace mai ciki ko mai goyo ta faɗa wa likita kafin a fara.

Bayan an warke a ci gaba da zuwa dubawa, gama ciwon ya kan dawo, musamman irin na fumfuna.

Rigakafi

Babu allurar rigakafin wannan cuta. Rigakafinta takalmi ne da sabulu.

Mun sani da yawa cikinmu sun fi jin daɗin noma ba takalmi, musamman a kan kunya mai laushi. Amma lokacin sassabe, da sharar gona, da yin shinge, da kiwo, da shiga garke, da bin gona bayan girbi, lalle a sa. Takalmin taya mai kauri ya fi babu nesa. Wanda ya rufe ƙafa duka ya fi shi. Silifa ba ta tare ƙayar aduwa. Yara masu kiwo su ma a saya musu, haka kuma mata masu zuwa itace.

A tattara rassan ƙaya da su ka faɗi a tsakar gida, da hanyar rijiya, da bakin garke, a ƙone. Wanda ya iya, ya dasa shinge mai rai marar ƙaya kusa da gida.

In ƙaya ta soki mutum, a cire ta duka da matsefata ko allurar da aka tafasa ko aka ƙona bakinta. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a sa aidin, a ɗaure. Kada a sa ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai. In ƙayar ta karye a ciki, a tafi ɗakin magani. A tambayi zancen allurar cutar sarƙe haƙora kuma, gama ita ma ta irin wannan rauni ta ke shiga.

Da yamma a wanke ƙafa, a duba tsakanin yatsu da tafin ƙafa. Da hunturu a shafa man kaɗanya domin faso.

Aikin ƙungiya

Mai wannan ciwo ba ya iya ɗaukar nauyinsa shi kaɗai. Asibiti yana da nisa, magani yana da tsawo, gona kuma ba ta jira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwarinmu:

1. Sa'ad da ƙungiya ke sayen taki da iri a sari, ta sayi takalma tare. A ba mambobi bashi, su biya da kaka.

2. A ajiye akwatin taimakon farko a wurin mai bishara ko magatakarda: matsefata, sabulu, aidin, auduga, bandeji. A tafi da shi duk ranar gayya.

3. Sau biyu a shekara, kafin shuka da bayan girbi, a keɓe ɗan lokaci a taron ƙungiya domin duba ƙafa. Maza su duba na maza, zumuntar mata su duba na mata da yara. In da hali a gayyaci ma'aikacin lafiya.

4. A ware wani kashi na asusu domin kuɗin mota da magani. Mudu ɗaya ɗaya daga kowane mamba da kaka ya isa mafari. Ma'aji ya rubuta, a karanta a gaban kowa.

5. Wanda ya fara magani, a naɗa masa mutum ɗaya da zai riƙa tuna masa, ya kuma raka shi ranar komawa asibiti. A yi masa gayya a lokacin shuka da noma da girbi, domin kada tsoron yunwa ya sa ya bar magani.

6. Wanda ya riga ya rasa ƙafa, kada a cire sunansa. Akwai aikin awo, da tsaron rumbun ƙungiya, da riƙe littafi, da kiwon kaji. A taimake shi ya sami sanda ko ƙafar roba.

7. Kada mu tsaya a kan masu bi kaɗai. Makiyayan da ke sauka a gonakinmu da rani suna cikin ƙaya fiye da mu. In mun ga irin wannan kumburi a ƙafar maƙwabci, ko wane ne shi, mu gaya masa abin da mu ka sani.

Ubangijinmu da kansa ya sunkuya ya wanke ƙafafun almajiransa. Ba abin kunya ba ne shugaban ƙungiya ko dattijon ekklesiya ya sunkuya ya duba ƙafar ɗan'uwansa. Mu yi wa marasa lafiya addu'a, mu kuma kai su asibiti da wuri.

Tambayoyi domin tattaunawa a taronku

1. Akwai wani a ƙauyenmu mai kumburin ƙafa da ya daɗe? Wa zai je ya yi magana da shi cikin wannan mako?

2. Wane aiki ne a cikin shekara ya fi jawo mana taka ƙaya? Mutum nawa ne cikinmu ke yinsa da takalmi?

3. In wani mamba zai sha magani na wata 6, wa zai nome gonarsa, daga ina kuma kuɗin mota zai fito?

A karanta wannan takarda da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba. Magatakarda ya rubuta abin da ku ka shirya, ya ba malamin gona sa'ad da ya zo zagaye. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.